Hadari daga gabas, ruwa daga kudu

Daga Korgom har Cake, duk manomin da ka tambaya ta ina ruwa ke zuwa, gabas zai nuna maka. Kuma da gaskiyarsa. Can sama ke fara haɗe rai da la'asar, can walƙiya ke fara wasa, daga can jar ƙura ke tasowa ta rufe gari kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa. Magina ma sun sani, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane bango shan yaɓe.

To amma babu teku gabas da mu. Damagaram ce, sai Gure, sai Difa, sai tafkin Cadi da ya tsuke, bayansa kuma busasshiyar ƙasa har Sudan. Teku mafi kusa da Tasawa yana kudu, wajen Legas, kusan kilomita 1,000 daga nan. Ga shi littafin makaranta ya ce ruwan sama daga teku yake fitowa. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a makarantun ƙauye tsakanin ƙasar Tasawa da ta Mayahi, kuma da wuya shekara ta wuce ba a samu wani yaro mai kaifin kai ya ɗaga hannu ba: "Malam, in daga teku yake, don me yake ɓullo mana ta gabas?" Littafin ba ya da amsa. Zane ne kurum, teku a gefe, dutse a gefe, kibiya ta hau, kibiya ta sauka. An yi shi ne don yaran wata ƙasa. Amsar tamu tana nan, sai dai dole a faro daga tekun.

Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba, in ba 'yan ci-rani da suka leƙa Legas, Kwatano ko Lome ba. Ya shafe kusan kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na duk ruwan da ke duniya a cikinsa yake. Rana na dukan wannan shimfiɗa tun fitowarta har faɗuwarta. Ba tafasa shi take yi ba. Ruwan gaɓar Gini, ko a watannin da ya fi ɗumi, bai cika wuce digiri 30 ba. Ruwa ba ya jiran tafasa kafin ya tashi, in ba haka ba da wankin da aka shanya bisa darni bai taɓa bushewa ba. Ƙananan ƙwayoyin ruwa da ke can sama-sama, waɗanda zafi ya ƙara wa kuzari, su ke ɓallewa ɗaya bayan ɗaya su shige cikin iska, su zama tururin da ido ba ya gani. Iska ta kwashe su ta yi gaba, wata busasshiya ta maye gurbinta ta ɗebi nata. Da kaɗan-kaɗan ɗin nan teku ke rasa ruwan da zurfinsa ya haura mita 1 kowace shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ruwa cikin tekun yake sake zuba tun bai ga tudu ba. Ɗan ragowar ne iska ke haurowa da shi, kuma a cikinsa rabonmu yake.

Sama ba ta ajiye ruwa. Tururin da ya tashi yau, kwana 8 zuwa 9 yake yi a matsakaici kafin ya sauko. Da za a matse duk laimar da ke cikin iskar duniya a lokaci guda, a baza ta daidai ko'ina, milimita 25 kacal za ta bayar, wato bai kai ruwan dare ɗaya mai kyau na watan Agusta ba. Ruwan da ya sauka kan hatsin Kanambakashe ranar Juma'a, mai yiwuwa makon da ya gabata kifi ke iyo a cikinsa.

Sai tambayar da ke biyo baya kullum: ina gishirin? Ruwan teku, kowace lita na ɗauke da giram 35 na gishiri. Jarka mai lita 20 in ta ƙafe, giram 700 za ta bari. Amma ruwan sama garai yake. Wannan ba sai an je Legas ba, kantun da ke kasuwar Tasawa ya isa shaida. A Bilma da Fashi, can cikin Tenere, ramuka ake haƙawa, ruwan gishiri ya taru a ciki, a bar wa rana. Ta shanye ruwan, gishiri ya daskare, a kwashe a zuba a ƙera kantu, ayarin raƙuma ya sauko da shi kudu a musanya da hatsi. Zafin rana na iya ɗaga ruwa, ba ya iya ɗaga gishiri. Aikin guda ne da na teku, sai dai mutanen Bilma abin da rana ta bari suke so, mu kuwa abin da ta ɗauka.

Akwai wani abu da tururin ke tafiya da shi a ɓoye, kuma ba a fahimtar hadari sai an san shi. Ruwa ba ya zama tururi kyauta, sai ya ci zafi mai yawa. Zafin da lita ɗaya ke buƙata ta koma tururi ƙaf ya ninka fiye da sau 5 wanda zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara ya kai ta tafasa. Shi ya sa ruwan randa ke sanyi: ɗan ruwan da ke tsatsowa ta jikin yumɓu yana tashi, yana tsotse zafi daga wanda ya rage a ciki. Zafin nan bai ɓace ba. Yana cikin tururin, yana tafiya da shi duk inda iska ta kai shi, kuma ranar da tururin ya koma ruwa sai ya sake shi. Ke nan iskar da ta taso daga teku kaya biyu take ɗauke da su, ruwa da kuma zafin ranar da ta sha a can.

Me ke jawo ta har nan? Zafin bazarar da muke kuka da shi. Wajen ƙarshen Afrilu rana na tsayawa tsaka bisa kanmu, mutum ya tsaya da azahar ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ma'auni ya haura digiri 40, yashi ya hana jaki tsayawa wuri ɗaya. Ƙasa na saurin ɗaukar zafi, teku kuwa a hankali yake ɗumama. Iskar da ke bisa Sahara ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama, sai iskar teku mai nauyi da laima ta kwararo don ta cike gurbin. Juyawar duniya ta karkatar da ita, shi ya sa take iso mana ta kudu maso yamma. Duk watannin ɗari iskar hunturu ce ke mulki, tana busowa daga arewa maso gabas da hazon da ta kwaso a kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Inda iskokin biyu suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar nan tafiya take: a watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, tana haurowa sannu a hankali tana bin rana, a watan Agusta ta wuce Agadas, sannan ta juyo.

Ranar da ta ratsa mu ba a buƙatar na'ura. Tun ba a ga girgije ko ɗaya ba, gari ke canzawa. Kaushi ya daina tsagewa. Gishirin da ke cikin ƙwarya ya yi dam. Ƙofar katako da ke rufuwa lafiya duk rani ta fara cijewa, makaɗi ya riƙa kai gangarsa bakin wuta don fatar ta saki. Ledar ruwan sanyi da yara ke talla a tasha, wadda a watan Fabrairu jikinta ƙayau yake, yanzu sai ta riƙa zufa tana jiƙa tire. Ba daga ciki ruwan ya fito ba, laimar iska ce ta taɓa sanyi ta koma ruwa. Dare ya yi nauyi, barci ya gagara, zufa ta ƙi bushewa. Tsakar dare sai ka ji wata iska mai taushi ta kaɗo daga kudu. Shamuwa kuma ta iso ta hau bishiyar tsakar gari ta fara ɗaukar kara, don ita ma wannan iska take bi tun daga kudancin Afirka.

Zuwan laima dabam, zuwan ruwa dabam. A bakin iyakar iskar teku siririya ce, busasshiyar iskar hamada na kwance bisa kanta ta danne ta. Sai iyakar ta wuce mu da 'yan ɗaruruwan kilomita, kaurin iskar mai laima ya kai kilomita 1 zuwa 2, sannan girgije ke samun abin da zai gina kansa. Masu bincike sun lura cewa wajen ƙarshen Yuni, sa'ad da ruwan gaɓar Gini ya yi sanyi, bambancinsa da zafin Sahara ya ƙaru, babban layin ruwa kan yi tsalle guda daga bakin teku ya dawo arewa. Daga nan damina ke zama da gindinta. Ruwan da ke zuwa kafin wannan, na watan Mayu ko farkon Yuni, shi ke yaudarar mutane. A yi ruwa mai kyau, gari ya fita shuka, hatsi ya tsiro, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, iska ta binne tsiron da yashi. Wanda ya yi bizne ma bai tsira ba, in yayyafi ya tada irin ya bar shi. Masana aikin gona suna da ƙa'ida: a samu milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada fari na mako guda ya biyo baya cikin watan. Rabin farko manomi na gane shi da hannu, ya tona ya ga inda laima ta tsaya. Rabi na biyu kuwa sai abin da Allah ya yi.

Tafiyar kilomita 1,000 ba wasa ba ce, kuma iskar na zubar da kaya a hanya. Legas na samun fiye da milimita 1,500 a shekara. Kano wajen rabin haka. Mu nan tsakanin 350 da 500 muke yawo, kudancin Tasawa ya ɗan fi arewacin Mayahi. Agadas ba ta kai 200 ba, Bilma ko 20 ba ta cika gani ba. Da tekun kaɗai muka dogara kai tsaye, da abin da zai iso nan bai kai haka ba. Ruwan da ya sauka a dazuzzukan kudancin Najeriya da gonakin Zariya ba duka ke bin kogi ba. Ƙasa ta jiƙe, saiwa ta sha, ganye ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofinsa, rana ta sake ɗaga shi, iska ta ƙara matsawa da shi arewa. Wani ɗigon sai ya sauka ya tashi fiye da sau ɗaya kafin ya ga garin Sarkin Hausa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, haka abin yake har a sama.

Yanzu ga amsar yaron nan. Iskar teku a ƙasa-ƙasa take tafiya. Bisa kanta, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina, kuma bambancin zafi tsakanin Sahara da ƙasashen kudu ne ke haifar da ita. Da rana ta gasa ƙasa, iska mai laima ta tashi. Kowace kilomita da ta hau, sanyi na ƙaruwa da digiri 6 zuwa 7, har tururin ya kasa zama tururi, ya manne wa ƙwayoyin ƙura ya zama ɗigo. A nan ne yake sakin zafin da ya ɓoyo tun daga teku. Zafin ya ƙara tura iskar sama, ta jawo wata daga ƙasa, ita ma ta saki nata, girgije ya yi ta hawa kan kansa har ya kai kilomita 15 ko fiye, inda kansa ke zama ƙanƙara. Irin wannan ya fi farawa inda akwai tuddai da ke taimaka wa iska hawa, kamar duwatsun Abzin, tudun Jos da Darfur. Da ya kafu, iskar sama ta tura shi yamma. Giragizai su jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, suna shan laimar da iskar kudu ta shimfiɗa musu a gaba. Mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara daga irin wannan jerin hadari yake. Wasu ma in sun ratsa Mali da Senegal suka faɗa tekun Atlantika, su ke rikiɗa su zama guguwar da ke rusa gidaje a Amurka.

Jar ƙurar da ke riga ruwa isowa ita ma tana da dalili. Ruwan da ke zuba cikin hadarin yana sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba, tana share yashin gonakin da ba su rufe ba tukuna. Sanyin nan da ke bugun fuska, mata na gudun kwashe shanya, yara na kora awaki, daga can saman girgijen ya sauko. Kuma wannan iska mai sanyi ce ke kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi ta ɗaga ta, sabon girgije ya haihu a gaban tsohon. Da haka hadari ɗaya ke iya kwana yana tafiya. Tun da salula ta zo, mutane sun gano lissafin da kansu: in ɗan'uwa ya kira daga Damagaram ya ce ga shi nan ya taso, ana da wajen awa biyu a Tasawa a kawar da abin kawarwa.

Na taɓa zayyana wa kawuna wannan duka muna zaune bisa tabarma a ƙofar gidansa, shi da ya yi noma tun ban san hannun damana ba. Ya saurara har na gama, yana murza goro a hannu. Ya ce, "To, ɗan nan, in na ji ka da kyau, kudu ke kawo kaya, gabas ke rabo." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "Mai rabon nan kuwa ba ya da adalci." Nan ma da gaskiyarsa. A farfajiyar wata makaranta da na zauna akwai ma'aunin ruwa, mazurari bisa sanda da kwalba mai zane a ciki, kuma ni ke duba shi da safe in rubuta. Sau da yawa nakan zubar da milimita 30, in aika a tambayo ƙauyen da ke tafiyar awa guda a ƙasa, a ce ko ƙura ba ta kwanta ba. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Shi ya sa mai hankali ke raba gonakinsa, ɗaya gabas da gari, ɗaya yamma. Wannan bayani kuma bai hana kowa fita sallar roƙon ruwa ba, ni ma ina cikin sahu; sanin hanyar da abu ke biyowa bai sa ka zama mai aiko shi ba.

Milimita ƙaramar kalma ce, tana sa mutane raina abin. Milimita 1 na nufin lita 1 bisa kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Ruwan dare ɗaya mai milimita 30 ya sauke wa hekta lita 300,000, tano 1,500 ke nan mai cin lita 200. Damina mai milimita 400, tano 20,000. Duk wanda ya taɓa biyan mai amalanke ya kawo masa tano ɗaya daga famfo ya san abin da nake nufi.

Tunda daga teku abin ke farawa, in teku ya canza mu ke ji a jikinmu. Tsofaffi sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974. Ta 1984, wadda ake kira 'Yar Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, har yanzu akwai masu kasa ba da labarinta. Tsakanin shekarun 1950 masu albarka da shekarun 1980, ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Da aka tashi neman dalili, mu aka fara nuna wa yatsa. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka tsiraita da kiwo da saran itace tana mayar da hasken rana sama, abin da ke hana girgije tashi. Maganar ta samu karɓuwa, aka shekara da shekaru ana faɗa wa talaka cewa gatarinsa da akuyarsa suka kori ruwa. Amma a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa shekarun farin Sahel na tafiya tare da wani yanayi na zafin tekuna: na kudancin duniya sun ɗumama, na arewa sun yi sanyi. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta zafin tekunan duniya na 1930 zuwa 2000, ba tare da sun gaya mata komai game da saran itace ba, ta fito musu da damunan albarka na 1950 da farin da ya biyo baya. In arewacin Atlantika ya yi sanyi, layin ruwa ba ya haurowa sosai. Bincike da dama kuma ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya riƙa tare hasken rana bisa wannan teku, yana da hannu a sanyin. Ina ganin an ɗora wa manomin Mayahi laifin da ya fi ƙarfinsa, kuma ban ji wanda ya dawo ya ba shi haƙuri ba.

Wannan bai wanke gatari ba. Itace ba shi ke kiran hadari daga teku ba, amma shi ke karya iskar da ke binne shuka, ya rage wa ƙasa zafi, ya sa ruwan da ya sauka ya daɗe. Sassaben zamani da aka fara yaɗawa a jihar Maraɗi tun 1983, wato barin kututturen da ya toho a gona a gyara shi maimakon a ƙone, ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 bisa hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wanda ya ga hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya kwatanta da na fili ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

Amfanin gano hannun teku shi ne ana iya leƙen damina tun ba ta zo ba, don zafin teku a hankali yake canzawa. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, tare da ma'aikatun yanayi na ƙasashen yankin, kan zauna kowace shekara kafin damina su duba zafin Atlantika da na Pasifik su fitar da hasashe: mai yawa ce, matsakaiciya ko ƙarama, da wuri za ta fara ko a makare. Hasashe ne na yanki, ba zai faɗa maka abin da zai sauka a gonarka ba. Amma ya isa ya taimaki mutum ya zaɓa tsakanin iri mai saurin nuna da mai daɗewa.

Yanzu kuma wata sabuwa ta fito. Duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100. Sahara na ƙara zafi, teku na ƙara ɗumi. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa, bayan sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka bayyana cewa manyan hadarai masu tsanani a Sahel sun ninka sau 3 tun 1982. Ruwa ya dawo idan aka kwatanta da shekarun fari, amma ya dawo da wani hali: ya zuba na wata guda a dare ɗaya, sannan ya ɗauke. Daminar 2024 ta nuna mana. Gidajen ƙasa sun zube a Maraɗi da ƙauyukanta, an rasa rayuka, tsohon masallacin Birnin Damagaram da ke tsaye tun ƙarni na 19 ya rushe a watan Satumba.

In ruwan ya sauka, ina yake zuwa? A zanen littafi, kogi ke mayar da shi teku. A nan kusan babu wannan. Gulbin Kaba, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya yi arewa, ya ratsa Mayahi, ya karkata yamma ya koma Najeriya wajen gulbin Rima, hanya ce da a da ruwa ke bi har kogin Kwara, har teku. Yau a wajenmu kwari ne mai yashi da goriba, inda mata ke yankan kaba suna saƙar tabarma. Ruwa na kwanciya a wasu wurare da damina, amma ba ya gudu ya kai ko'ina. Kusan duk abin da ya sauka mana sama yake komawa, ta ganyen hatsi ko kai tsaye daga ƙasa. Ranar da ke ɗaga ruwan teku ita ce dai ke tsaye bisa tabkunanmu, kuma a nan ta fi ƙishirwa: tana iya shanye fiye da mita 2 a shekara daga buɗaɗɗen ruwa, ninki huɗu ko biyar na abin da sama ke ba mu. Tabkin da ya cika maƙil a Satumba, yara na wanka, shanu na sha, kafin tsakiyar rani ya koma tsagaggen laka masu bulo na haƙa.

Ɗan abin da ke tsere wa rana shi ne wanda ya nutse. Jigawa na shan ruwa nan take, geza da fako kuwa sai ya gangare ya taru a kwari. Abin mamaki, ta ƙarƙashin tabkunan nan ne ruwan ƙasa ya fi samun ƙari. A gabashin Yamai an auna an ga ruwan rijiyoyi ya ɗago da wajen mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da shekarun fari, saboda ƙasar da aka share ta fi tura ruwa cikin tabkuna. A cikin gulbi rijiya ba ta da nisa. Ka hau tudu ka yi arewa, sai ka ga igiya mai gaba da yawa, har sai an ɗaura wa sa ko raƙumi ya ja, yarinya na kora shi tana nisa da bakin rijiyar kafin wasaki ya fito.

Wanda injin haƙa ke tarar wa can ƙasa sosai kuwa, wani ɓangarensa ba na zamaninmu ba ne. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce, yanayin zagayen duniya ya sa ranar bazara ta fi ta yau ƙarfi a wannan sashe, iskar teku ta riƙa kutsawa har tsakiyar Sahara. Raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, da ƙasusuwan kifi da na dorina da aka tono a Gobero cikin Tenere, shaidun wancan lokaci ne. Tafkin Cadi ya kai girman da kwarin Bodele ke ƙarƙashinsa. Hazon da ke shaƙe mu da hunturu busasshen lakan gindinsa ne. Ruwan da ya nutse a irin waɗannan zamunna yana nan kwance cikin yashi da dutse, kuma abin da ke ƙaruwa a kansa yanzu kaɗan ne ƙwarai. Ga famfuna masu aiki da hasken rana sun yawaita, a garuruwa da lambuna, kuma tunda ba a sayen mai, ba mai damuwa ya kashe. Alheri ne babba, wanda ya ga matan da suka huta da jan guga ba zai ce a'a ba. Sai dai garuruwa da yawa na da mai duba ma'aunin ruwan sama ya rubuta kowace safiya, amma ban cika ganin inda aka sa wani ya riƙa zura igiya cikin rijiya sau ɗaya a wata ya rubuta inda ruwan ya tsaya ba. Kwamitin famfo na kowane gari zai iya ɗaukar wannan aiki, abin da yake buƙata igiya ce mai alama da littafi guda.